Cindo Rewaya da Motar da Ta Ƙi Ɗaukar Kande

In ka shigo Gumel ta hanyar Maigatari, kafin ka kai tasha za ka ga wata rumfar kwano a gindin bishiyar maina, an rataye tsofaffin wayoyi a jikinta kamar shanyar kuɓewa. Nan Cindo yake zama. Sunansa na yanka Abdulganiyu, amma in ka yi cigiya da wannan sunan sai dai mutane su yi ta kallon juna. Ka ce Cindo rewaya, mai gyaran wutar mota, ko mai tallan goro ma zai nuna maka.

A Ɗanzomo aka haife shi, da yatsa shida a hannun hagu, shi ya sa sunan ya bi shi. Tun yana jariri wanzami ya ɗaure ɗan yatsan da zare har ya bushe ya faɗi, ya bar wani tsiro kamar ƙwayar wake a gefen hannun. Wannan tsiron bai taɓa yin kanta ba, duk aikin gona da na ƙarfe da hannun ya sha. Da shi Cindo yake bin waya. Yakan ce duk inda wuta take wahalar wucewa sai wurin ya yi ɗumi, kuma tsiron nan yana jin ɗumin da sauran yatsu ba sa ji. Bayan shi, kayan aikinsa ba su da yawa: sukudireba, filaya, da wani ƙwan fitila mai wayoyi biyu da yake gwada wuta da shi.

A Maigatari ya koyi sana'ar, wajen wani mutumin Damagaram, shekara goma sha biyu yana kwanciya ƙarƙashin motocin da ke tsallaka iyaka. Daga can ya ɗauko wasu kalmomin da har yau ba su sake shi ba. Wayar da ke haɗa batir da jikin mota, shi mas yake ce mata, irin na mutanen Nijar. Ya dawo Gumel ya yi aure, ya haifi 'ya'ya bakwai, ya aurar da huɗu, kuma duk damina sai ya kulle rumfa kwana biyu a mako ya je Ɗanzomo ya duba geronsa. Mutum ne mai son hira da tsokana, ba ya fushi sai an taɓa masa waya kafin ya iso.

Abin da ya fi yawan faɗa shi ne, shirun mota ba iri ɗaya ba ne. Akwai wadda in ka murɗa makulli za ta yi ƙas-ƙas-ƙas da sauri, wannan batir ne ya gaji ko kansa ya yi datti. Akwai mai yin ƙas guda ɗaya mai nauyi ta tsaya, wannan kik ne, wato injin da ke juya mota ta tashi, ya maƙale ko ya cinye. Sai ta uku, wadda fitilunta duk suna ci tas, ka murɗa makulli ba ta ce uffan ba, fitilun ma ba su dusashe ba. Wannan, in ji shi, saƙo ne aka aika bai isa ba, wani abu ya tare shi a hanya. Wannan ne shirun da ba ya so. Kuma irinta ce ta same shi wata rana a tsakiyar damina, shekara huɗu ke nan.

Bayan azahar ne, yana gyara fitilar wani babur, sai ga Ya'u direba a bayan ɗan acaɓa. Ya'u Bafulatanin Sule Tankarkar ne, yana jigilar fasinja da wata tsohuwar mota mai dogon baya da ya saya a Maigatari wata huɗu kafin nan. Cindo kuwa Bamange ne, saboda haka ba sa haɗuwa sai sun taɓa wasa. Cindo ya tambaye shi ko saniyar tasa ce ta ƙi tashi, ya je ya ba ta dusa. Ya'u bai yi dariya ba. Hularsa ma a hannu take. Ya ce motar tana ƙofar asibiti, da gawa a ciki, kuma abin da yake gani ba na ƙarfe ba ne.

A hanya ya ba shi labari. Wata tsohuwa ce mai suna Kande ta rasu da hantsi, daga wani ƙauye kusa da Gagarawa Tasha. 'Yarta Ummulkhair ta ɗauki shatar motarsa a kai gawar gida a yi mata sutura. Ya zo lafiya lau. Ya kashe mota, don salansarta hayaƙi take yi baƙi, kuma daidai ƙofar baya yake fita, ba zai yiwu a turara gawa da shi ba. Aka kwantar da kujerun baya, aka shimfiɗa tabarma, aka sa ta. Ya murɗa makulli, shiru. Ya yi ta yi, shiru. Aka ce a sauko da ita a nemi wata motar. Ana sauko da ita, ya gwada, mota ta tashi bugu ɗaya. Aka yi hamdala, ya kashe, aka mayar da ita. Shiru. Sau biyu ana haka. A na ukun da aka sa ta, ba wanda ya yarda ya sake kai hannu, sauran direbobin da ke wurin kuma kowa ya ja motarsa ya sulale. Motar otomatik ce, ba a tayar da ita da turi, ko da ma akwai mai turawa.

To, abin da ya sa zancen ya yi nauyi shi ne, Kande tana da suna a ƙauyensu. Shekara tara da suka wuce, 'yar maƙwabcinta Hussaini ta yi zazzaɓi mai zafi, tana sambatu ta ambaci sunan Kande sau biyu, kwana uku bayan haka ta rasu. Ba wanda ya fito fili ya ce mata mayya. Daddawa take sayarwa, sai kawai aka daina saye. In ta aika da abinci gidan suna, sai a juye wa kaji. Yara kuwa in sun hango ta, iyayensu mata sukan kira su cikin gida. Ka kuma san yadda mutanenmu suka ɗauki maita, a nono ake sha. Duk abin da aka liƙa wa Kande, Ummulkhair ce mai gado, da 'ya'yanta mata biyu a bayanta.

Da suka iso, Cindo ya tarar da mutane sun fi hamsin, sun yi da'ira nesa da motar kamar an shata musu layi a ƙasa. Wasu sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Gabas ta yi baƙi ƙirin, hadari ya haɗu, amma ko ganye ba ya motsi. Motar tana tsakiya, ƙofar bayanta a ɗage, ana hango zanen atamfa mai ruwan ƙasa da aka lulluɓe Kande da shi, ƙarama kamar yarinya. A ƙasa, jikin tayar baya, Ummulkhair tana zaune ita kaɗai, ta ja mayafi har goshi. Ba kuka take yi ba. Can gefe maza huɗu na ƙauyen da suka zo ɗaukar gawa suna tsaye, har da Hussaini, wanda ya zo don haƙƙin maƙwabtaka, yana magana ƙasa-ƙasa a waya.

Cindo ya yi sallama, ya yi wa Ummulkhair ta'aziyya, ya ajiye jakarsa. Ya fara kamar kullum. Ya murɗa makulli, fitilu suka kama tas, ya ƙara murɗawa, ba su dusashe ba. Ya danna ham, ta yi ƙara har wasu mata suka zabura. Batir lafiya ke nan. Duk da haka ya buɗe gaba ya girgiza kawunan batir, ya bi mas har inda aka ɗaure ta a jikin mota, ya sa Ya'u ya riƙe makulli a murɗe shi kuma yana goga tsiron hannunsa a jikin wayoyin. Ko'ina sanyi. Ya jijjiga giya ya mayar da ita mazauninta, ya gwada a firi, shiru. Ya zare fiyus ɗaya bayan ɗaya ya ɗaga su sama ya duba, babu wanda ya ƙone. Sai ya kwanta a ƙasa ya shiga ƙarƙashi, ya ɗora ƙwan gwajinsa a kan siririyar wayar da ke kai wa kik umarni, ya ce Ya'u ya murɗa. Ƙwan bai kama ba.

Yana kwance a wurin, daidai saman kansa kaɗan ta baya tsohuwar take. Ya ce a rayuwarsa bai taɓa jin ƙarƙashin mota ya yi masa sanyi irin na ranar ba, ga shi kuwa gumi yake yi.

Ya fito yana karkaɗe riga. Ya'u ya matso ya raɗa masa cewa ai akwai dabarar da kowane rewaya ya sani, a sa sukudireba a haɗa ƙarafa biyu na jikin kik, mota ta tashi ko makulli bai so ba. Ya roƙe shi don Allah ya yi hakan su tafi, ruwa na zuwa, kuma an bugo daga ƙauye an ce masu haƙa kabari sun ji labari sun ajiye kayan aiki. Gaskiyar Ya'u ce, aikin minti ɗaya ne. Cindo ya ɗauko sukudireba.

"Baba," in ji Ummulkhair daga inda take zaune, ba ta ɗago kai ba. "In ka tashe ta ta dole, cewa za a yi da dole aka kai ta. Gara mu kwana a nan."

Cindo ya tsaya da sukudireba a hannu. Ya dubi wayoyin da aka ɗaga ana ɗauka, ya san kafin magariba hoton nan ya zaga Gagarawa da Sule Tankarkar har ya tsallaka iyaka. Ya mayar da sukudireba jaka. Ya zare makullin daga motar ya sa a aljihunsa, ya ce kowa ya yi masa shiru, ya tsuguna a gefen ƙofar direba yana tunani. Wurin ya yi tsit har ana jin kukan wani jariri daga can cikin asibiti.

A nan ne ya ji ƙas. Ƙarama ce, guda ɗaya, kamar an karya tsinken ashana. Daga bayan motar ta fito, wajen da kan Kande yake. Ya waiga, ba wanda ya nuna alamar ya ji. Ya ce da ba don kunyar furfurarsa ba, da ya ɗauki jaka ya bi direbobin da suka sulale.

Maimakon haka sai ya koma ga wata ɗabi'arsa ta aiki. Shi ba ya yarda da bakin direba. Yakan ce baki yana mantuwa, hannu ba ya yi. Ya tambayi Ya'u me ya yi dabam tsakanin lokacin da motar take tashi da lokacin da take ƙi. Ya'u ya rantse bai yi komai ba.

"Ba faɗa mini za ka yi ba, Bafillace," in ji Cindo, ya miƙa masa makullin. "Fita ka sake shigowa. Ka ɗauka yanzu aka sa ta. Yi in gani."

Ya'u ya fita, ya zaga, ya shigo ya zauna, ya yi bisimilla. Ya sa makulli ya murɗa zuwa inda fitilu ke kamawa. Sai hannunsa ya miƙe da kansa zuwa wajen rediyo, ya tsaya a iska, ya dawo kan sitiyari.

Cindo ya tambaye shi ina hannun nan ya nufa. Ya'u ya dubi hannun kamar ba nasa ba. Ya ce rediyo zai kashe, sai ya tuna a kashe take. Tun da ya sayi motar bai taɓa kashe ta ba, da ya murɗa makulli take kamawa da kanta, haka ya same ta, haka yake tafiya da ita. Amma yau da aka sa gawa, ya murɗa, waƙa ta tashi, ai ba mai hankalin da zai ɗauki mamaci da kiɗa, shi ne ya yi maza ya kashe. Da aka sauko da ita fa? Ya'u ya ce ya kunna ne don ya ji ko batir yana da wuta. Da aka mayar da ita kuma ya sake kashewa.

Cindo ya ce ya matsa. Ya zauna a kujerar, ya kama maɓallin rediyon ya murɗa shi kaɗan, daidai inda zai kama ba tare da murya ta fito ba.

Ƙas.

Wannan karon kowa ya ji, don kowa ya kasa kunne. Daga gefen kan gawar ta fito. Da'irar mutanen ta ƙara faɗi, wata mata ta fara salati, wani ya yar da wayarsa. Cindo ya kashe rediyo, ƙas. Ya kunna, ƙas. Ya sauko, ya zaga baya. Kan Kande yana jingine da bangon motar na hagu, daidai wani murfin roba, kuma ba yadda za a buɗe murfin sai an gusar da ita. Ya dubi mazan ƙauyen, kowa ya dubi ƙasa.

Ummulkhair ce ta tashi. Ta cire takalmi, ta hau motar, ta zauna ta tanƙwashe ƙafa, ta ɗago kan uwarta ta ɗora a cinyarta, tana gyara zanen kada fuskar ta buɗe. Cindo ya yi wa mamaciyar sallama, ya ce, "Iya, ki yi haƙuri, zan ɗan wuce ta gefenki." Ya rarrafa ciki. Ƙamshin daddawa ne ya fara dukan hancinsa, ya kama zanen, shekara tara bayan an daina saye. Ya ɓalle murfin da sukudireba, ya zura hannun hagu cikin duhun ramin, yana lalube tsakanin ƙura da tsohuwar leda. Tsiron ya taɓa wani abu mai ɗumi.

Ya jawo shi waje. Wani ɗan akwati ne baƙi, bai kai gidan ashana ba, an naɗe shi da salatif, wayoyi huɗu a jikinsa. Ɗaya shuɗiya ce siririya, ta bi ƙarƙashin shimfiɗar mota ta nufi gaba. Cindo ya san irinsa tun zamansa a Maigatari. Ya ɗaga shi sama ta ƙofar baya, wayoyinsa a jone, yadda masu ɗaukar hoto za su gani, ya yi bayani da babbar murya. Mai motar na farko ne ya sa aka yi masa maganin ɓarayi. An yanke wayar da ke kai saƙo daga makulli zuwa kik, aka zagayo da ita nan baya, aka sa wannan ɗan akwatin ya zama ƙofa. Rediyo ce mabuɗin ƙofar. In tana kunne, saƙo ya wuce. In an kashe ta, ɓarawo ya yi ta murɗa makulli har gobe. Wanda ya sayar wa Ya'u ko dai ya manta, ko shi ma bai sani ba.

Mutane suka yi ta gunaguni, amma ba wanda ya matso. Cindo ya san bayani kaɗai ba zai wadatar ba. Sai ya kira Hussaini da sunansa, ya ce ya zo ya zauna a kujerar direba. Hussaini ya ce shi bai iya mota ba. Cindo ya ce ai ba tuƙi zai yi ba, murɗa makulli ne, ko mai buɗe rumbu ya iya. Da ƙyar dattijon ya shiga, bai yarda ya waiga baya ba, inda Ummulkhair take zaune da kan uwarta a cinya. Cindo ya sa shi ya murɗa, rediyo a kashe. Shiru. Ya sa shi ya kunna rediyon da hannunsa ya sake murɗawa. Motar ta yi tari ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe. Suka kashe suka sake, sau uku, Kande tana ciki ba wanda ya taɓa ta.

A na ukun Hussaini bai sauko da wuri ba. Ya daɗe yana kallon maɓallin rediyon. Sannan ya ciro wayarsa ya buga ƙauye, kowa yana ji, ya ce a ci gaba da haƙa, ga su nan tafe, waya ce aka yi wa dabara.

Cindo ya yanke ɗan akwatin ya haɗa wayoyin biyu kai tsaye ya naɗe, don kada a raka Kande da rediyo a kunne. Motar ta tashi shiru ba kiɗa. Hussaini bai koma kan babur ɗin da ya zo da shi ba, a gaba ya zauna kusa da Ya'u. Suna fita ƙofar asibiti aka fara yayyafi.

An binne ta bayan la'asar, ruwa bai sauko sosai ba sai da aka gama. Ya'u ya ce sahu huɗu aka yi a sallar. Ba za a ce zancen ya mutu gaba ɗaya ba, har yanzu akwai tsofaffi biyu ko uku a ƙauyen da ke cewa ko ma mene ne, me ya sa sai a kanta abin ya faru. Amma ranar sadakar uku an daka gumba a gidan, matar Hussaini ce ta fara sa hannu ta ci a gaban mata. Da kaka ta yi, Ummulkhair ta ɗauko tukunyar uwarta ta dafa kalwa. Yanzu duk Alhamis tana kai daddawa kasuwar Maigatari, kuma kafin ta fito ƙauye rabin kwandon ya ƙare. In motarsu ta biyo ta Gumel, takan sa a tsaya a gindin maina ta ajiye wa Baba Cindo ƙulli guda.

Ɗan akwatin yana nan a rumfar, a rataye da ƙusa cikin tsofaffin wayoyi. In baƙo ya tambaya, Cindo yakan ba da labarin har ƙarshe, da tsokanar Ya'u da komai. Abu ɗaya ne ba ya cika faɗa sai hira ta yi nisa, wato ƙas ɗin farko, wadda ya ji lokacin da rediyo take kashe, makulli kuma yana aljihunsa. Ya ce ya sha juya abin a ransa. Ƙarfe in ya sha rana, hadari ya taso ya fara hucewa, yakan yi irin wannan ƙarar, kuma ya fi yarda hakan ne. Sai ya ɗan shafa tsiron hannunsa, ya ce shi dai abin da ya sani, tsohuwar ba ta hana motar tashi ba. In ma har akwai abin da ta yi, to wurin ta nuna masa.